Zaure Da Ƙuryar Ɗaki: Amsar Tsofaffin Sojoji Ga 'Yan Unguwa

Tun bayan sallar layya maganar take yawo a Sabo, daga teburin mai shayi zuwa bakin masallaci, har matanmu suka fara dawo mana da ita daga gidan suna. Wai tsofaffin sojojin da ke aiki a babban siton kamfanin nan na wajen Oluyole sun kafa ƙungiya, sun karɓi Bayarabe, sun karɓi ɗan Tibi, sun karɓi Ibo, amma da 'yan'uwansu na unguwa suka zo sai suka rufe musu ƙofa. To, mu ne tsofaffin sojojin. Tunda masu wannan mujalla sun ba mu fili, gara mu faɗi tamu da bakinmu, don zancen da ya bi ta baki goma ba ya isowa da kayansa cikakku.

Gaskiya ne akwai ƙungiya. Gaskiya ne kuma akwai waɗanda suka nemi shiga, ba mu sa sunansu a babban littafi ba. Sauran zancen ne ke buƙatar gyara.

Mu 19 ne a wurin, cikin ma'aikata da suka haura 300. Yawancinmu a bakin ƙofa muke, kaɗan direbobin tirela, biyu makanikai. Babbanmu, wanda har gobe Samanja muke ce masa don da wannan muƙami ya ajiye kaki, yana cikin waɗanda suka sauka Monrobiya da rundunar ECOMOG a 1990, lokacin ko gemu bai tsayar ba. Akwai waɗanda suka yi Saliyo, akwai na Bakassi, akwai na Darfur. Ƙananan cikinmu kuwa dajin Borno da Yobe ne ya sallamo su, ɗaya da ɗingishi. Ba wanda ya kira taro ya ce a zo a kafa ƙungiya. Soja yana gane soja tun daga nesa ko da babbar riga ya sa: daga tsayuwarsa, daga yadda yake amsa kira, daga yadda ba ya son zama ya ba ƙofa baya. Haka muka tsinci juna ɗaya bayan ɗaya. Aka fara da adashi ranar albashi, adashi ya zama asusu, asusu ya jawo littafi da shugaba da ma'aji.

Mai kallo daga waje zai ɗauka hira ce kawai da tuna baya. Da ma a ce haka ne. Wanda bai taɓa bin takardar fansho ba yana zaton ranar da soja ya yi ritaya kuɗi ke fara zubowa kamar ruwan Agusta. Ina! Akwai tantancewa, akwai takardar sallama da dole ta kasance a hannu, akwai lambar soja da dole ta zo daidai a ko'ina. Harafi ɗaya ya isa ya tsayar da komai: a takardar soja an rubuta sunanka da "o", a banki an rubuta da "u", shi ke nan, sai ka yi wata da watanni kana zarya. Mafi ciwo ita ce maganar magaji. Yaro ya shiga soja yana ɗan shekara 20, ba mata ba ɗa, aka ce ya rubuta wanda zai karɓi haƙƙinsa in ta Allah ta kasance, ya rubuta wansa. Shekara 30 ta wuce bai koma ya canza ba. Ranar da ya rasu, ga mace da 'ya'ya shida, ga takarda tana kiran sunan mutumin da rabonsa da su tun ranar ɗaurin aure. Irin wannan ƙulli muke kwancewa. Duk sabon shiga, kafin ya gama zama Samanja ya jefa masa tambayar: "Wa ka rubuta?"

Da yawanmu mun bi ta cibiyar nan ta Oshodi a Legas, inda ake koya wa soja mai shirin ritaya sana'a, kiwon kaji ne, walda ce, ɗinki ne, yin sabulu ne. An koya mana, Allah ya saka da alheri. Sai dai kaji suna son fili da jari, gadi kuwa tsayuwa kawai yake so da hana ido barci, su ne kuma muka fi ƙwarewa a kai. Shi ya sa in ka ga babbar ƙofa a garin nan, daga Bodija har Ring Road, sau da yawa tsohon soja za ka tarar a bakinta. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Maganar buɗe ƙofa daga ofis ta sauko, kafin ma 'yan Sabo su ji ta. Wata yarinya ce mai kula da sha'anin ma'aikata, mai hankali da ladabi, Baba take ce wa kowannenmu. Ta kira shugabanninmu ta ce kamfani ya sami labarin ƙungiyar, yana so ya san da ita a hukumance. Za a ba mu ɗakin taro mai fanka maimakon bencin bayan gareji, za a riƙa sa mana wani abu duk ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, kuma za a riƙa tuntuɓarmu in za a ɗauki sababbin masu gadi. Sharaɗi ɗaya ne: duk ma'aikacin da ke so ya shiga, ya shiga, ko ya taɓa riƙe bindiga ko bai taɓa ba. Ta ce haka ake yi a manyan kamfanonin Amurka.

Ba ƙarya ta yi ba. A can irin waɗannan ƙungiyoyi na cikin ma'aikata sun daɗe. Ana danganta farkonsu da baƙaƙen fata ma'aikatan kamfanin Xerox a wajajen 1970, daga baya mata suka yi tasu, naƙasassu suka yi tasu, tsofaffin sojoji ma haka. Galibi kuma ƙofar a buɗe take, wanda ba ɗan ciki ba sai a kira shi mai mara baya. Suna da dalilansu. Kuɗin kamfani ne da lokacin kamfani, kuma a ƙasar da ake kai ƙara kotu kan nuna bambanci, ba mai son a ce ya ware wasu ma'aikata. Ban da haka soja ya yi ƙaranci a cikinsu. Tun 1973 suka daina tilasta wa matasa shiga soja. A 1980 kusan kashi 18 cikin 100 na manyansu tsofaffin sojoji ne, yanzu abin ya dawo wajen kashi 6. Sai ka sami manajan da bai taɓa zama da soja ba, an miƙo masa takardar neman aiki ta mutumin da ya jagoranci dakaru 30 a Iraƙi, ya rasa inda zai ajiye shi. Ƙungiya irin wannan aikin tafinta take yi tsakanin bariki da ofis, tafinta kuwa ba shi da aiki in ɓangare ɗaya kaɗai ke ɗakin.

Mu nan tamu matsalar kusan a juye take. Ba wanda bai san soja ba a Najeriya. An san shi a shingen hanya, an san shi da bulala da tsallen kwaɗo, an zauna ƙarƙashin mulkinsa daga 1966 zuwa 1979, aka sake komawa daga ƙarshen 1983 har 1999 kusan ba yankewa. Akwai leburorin da in suka hango mu a ƙofa sai muryarsu ta sauya, alhali abin da ke hannunmu tocila ce da littafin shiga da fita. Waɗanda suka goyi bayan a buɗe ƙofa a cikinmu, kuma suna da yawa, da wannan suka kafa hujja. Suka ce mutumin da ya ci tuwo da kai, ya ga kana lissafin kuɗin makarantar yara kamar kowa, ba zai ƙara ganinka dodo ba. Suka ce tsufa muke yi, yawanmu raguwa yake, kuma yanzu komai na takardu ya koma waya da kwamfuta. Yaran ofis da ke cike mana fom kyauta, wane irin butulci ne a ce musu su tsaya a waje? Magana ce mai nauyi, ba wanda ya iya ture ta.

Sannan ga mutanen da suka nemi shigar, waɗanda ba baƙinmu ba ne. Akwai abokan gadinmu uku 'yan unguwar nan, da muke raba dare da su shekara da shekaru. Sauro ɗaya ke cizonmu, ruwa ɗaya ke dukanmu, kuma in ɓarayi suka hauro katanga ba za su tsaya tambayar wa ke da takardar sallama ba. Akwai baiwar Allah mai sayar da abinci a bakin kamfani. Mijinta kofur ne, ya tafi Borno bai dawo ba, ta bar ɗakin bariki da yara huɗu. Ita ce magajiyar matan layinsu a da, ta san takardun nan fiye da rabinmu, don ta bi su da ƙafarta da goyo a baya. Akwai wani akawu haifaffen bariki, wanda ya yi firamare a gari biyar saboda canjin wurin aikin ubansa, begila ce ke tashinsa kowace asuba har ya girma, Hausar bakinsa ma irin tamu ce ta bariki. Sai yaron Maiduguri, mai lodi. Shi yana cikin matasan da suka tashi da gora da adda a 2013 suka tsare unguwanninsu, waɗanda ake kira 'yan ƙato da gora. Ya shiga daji a gaban sojoji yana nuna hanya, ya ɗauki gawar abokansa, ga tabo nan a kafaɗarsa. Ba lamba, ba fansho, ba takarda ko ɗaya.

Kowannensu in ka dube shi shi kaɗai, kunya za ta hana ka cewa a'a. Amma sharaɗin ofis bai ce waɗannan shida ba. Cewa ya yi kowa.

Ku yi lissafin da kanku. A ce rubu'in ma'aikatan nan kaɗai suka yanki kati, ranar zaɓe an gama da mu. Ba sai da mugunta ba, kowa da abin da ya dame shi. Asusun da muka tara don kuɗin motar mai zuwa tantancewa, ko don matar marigayi da takardarta ta maƙale a wani ofis, sai wani ya kawo shawara a yi walimar ƙarshen shekara da shi, a ɗinka anko, a kira mai kiɗa. A ƙirga hannu, a ga sun fi yawa, kuma ba abin da za ka ce don ƙa'ida aka bi. Suna zai zauna a jikin allo, tsofaffin sojoji, abin da ke ciki kuwa ya zama ƙungiyar ma'aikata ta biyu. Ta farkon ma tana nan daram, kowa na biyan kuɗinta, mu ma muna ciki.

Sai maganar suna, wadda ta shafi tukunyar gidan kowannenmu. Mun ce ku riƙe zancen gadi. A garin nan in mai gida ko mai kamfani ya ce a samo masa tsohon soja, ya san abin da yake nema, yakan kuma biya fiye da na gama-gari. Wurinmu ake zuwa tambaya. In muka ce wane namu ne, to mun ga takardarsa, mun tambaye shi bataliyarsa da kwamandansa da shekarar da ya fito daga makarantar horar da kuratan soja ta Zariya, kuma a cikinmu ba a rasa wanda zai kama shi in ya karkace. Mutanen Sabo ba sa buƙatar dogon bayani a nan. Cinikin shanu da goro da ya raya unguwar nan tun da aka yanke ta a 1916, a kan me ya tsaya in ba kalmar maigida ba? Fatake su sauka da dukiya, maigida ya ce a ba wane bashi, na san shi, sai a ba shi ba takarda ba shaida. Ranar da maigida ya fara tsaya wa wanda bai sani ba, ranar gidansa ya fara mutuwa. Katin ƙungiyarmu haka yake. In ya shiga aljihun wanda bai yi soja ba, ko da mutumin kirki ne, gobe ya nuna shi a wata ƙofa aka ɗauke shi a matsayin abin da ba shi ba, to da hannunmu muka ƙera sojan gona. Abin da ke biyo bayan sojan gona kuwa kun sani: kamu, duka, da zubewar mutuncin na gaskiyar. Ko Amurkar da ake ba mu misali da ita, a 2013 ta yi dokar hukunta wanda ya yi ƙaryar samun lambar yabon soja don ya ci wata riba.

Akwai kuma abin da ba ma son sa shi a takarda, amma in muka ɓoye shi amsarmu ta rage. Bayan an ƙirga kuɗi an rufe littafi, akan yi wani zama da ba ya cikin ajanda. Wani ya ce kwana uku ke nan bai runtsa ba. Wani ya ce tayar tirelar da ta fashe ranar Talata ta sa ya tsinci kansa kwance a ƙasa, yara leburori suna dariya. Wani ya kira sunan wani ƙauye ya yi shiru, sauran ma su yi shiru, don akwai wanda ya san abin da ya faru a ƙauyen. Akwai abin da mutum ya gani, akwai kuma abin da ya aikata bisa umarni, wanda ko matar da suka shekara 30 tare bai gaya wa ba. Likitoci suna da sunan da suke kiran wannan ciwo, mu dai cewa muke yi abin ya motsa. Magani ba namu ba ne, in ya yi tsanani raka mutum asibiti muke yi. Abin da muke da shi kunne ne wanda ba ya razana, kuma ba ya tambayar "mutum nawa ka kashe?" Wallahi wannan tambaya, da wuya ka sami tsohon sojan da farar hula bai taɓa yi masa ita ba, da murmushi ma, kamar mai tambayar ƙwallo nawa aka ci jiya. Ranar da baƙon kunne ya zauna a wurin, ko na masoyi ne, bakin kowa zai rufe, a koma labarin ban dariya na kurtu da saje. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma kada ku manta wurin aiki ne fa. Mai cewa ba ya barci da rana kuma yana firgita da dare, maigadi ne. In maganar ta hau bene ta isa ofis, abincinsa ne zai tafi.

Yanzu ga abin da ya fi yi wa 'yan unguwa zafi, wai mun fifita bare a kan ɗan'uwa. Jama'a, ɗan'uwa rabin jiki ne, ba mu musa ba. A Sabo muke kwana, a nan ake raɗa wa 'ya'yanmu suna, a nan za a yi mana sutura. Amma ƙungiyoyin Hausawa ba su yi ƙaranci a unguwar nan ba, ta 'yan kasuwa ce, ta 'yan gari kaza ce, ta matasa ce, ta masallaci ce, duk muna ciki muna biya. Wannan ɗaya ce tak da ba a tambayar mutum garinsu. Ɗan Tibin da ake ta magana a kansa, rami ɗaya suka kwana da wani ɗan unguwar nan a Saliyo wata da watanni, kuma shi ne ma ya samo masa aikin nan bayan ritaya, lokacin da ba wanda ya waiwaye shi. Abin dariya, in muka zauna Hausa ake yi, har da su. Tun 1863 da wani hafsan Ingila mai suna Glover ya tara 'yan Arewa 18 a Legas, abin da sojan Najeriya ke ƙirgawa a matsayin mafarinsa, Hausa ta riƙa zama harshen bariki, har Turawan hafsoshi sai da suka koye ta. Ɗan Zuru da ɗan Langtang da Bachama da Tibi duk da ita suka yi fareti. Kakanninmu da nasu tare suka tafi Bama a runduna ta 81 da ta 82 lokacin yaƙin Hitila. Barikin Letmauk da ke nan Mokola, wanda daga Sabo da ƙafa ma za ka isa, sunan wani wuri ne a can, haka ma Dodan na Legas. Zumunci ne shi ma, ya kuma girmi kowa a cikinmu.

Da muka duba yadda na gaba suka yi, sai muka ga ba bakinsu ɗaya ba. Ƙungiyar tsofaffin sojojin Ingila, Royal British Legion, da aka kafa a 1921, yau kowa na iya yankar katinta ko bai taɓa sa kaki ba. Ƙarfinta na wajen tara kuɗin taimako ne, wannan kuwa hannu da yawa yake so. Ta Amurka, American Legion, ta 1919, har yanzu sai wanda ya yi aikin soja, amma ta gina ɗakuna a gefe, ɗaya na iyalai, ɗaya na 'ya'ya maza da jikoki tun 1932. Tamu ta gida, Nigerian Legion, doka ce ta kafa ta a 1964 don waɗanda suka yi aikin soja. Mu da muke 'yan kaɗan a wurin aiki ɗaya, tsarin ɗakin gefe ya fi kama da gidajen da muka tashi a ciki. Akwai zaure, akwai tsakar gida, akwai ƙuryar ɗaki, kuma baƙo bai taɓa cewa an wulaƙanta shi ba don an shimfiɗa masa tabarma a zaure an kawo masa ruwa da abinci.

To littafi biyu muka buɗe. Babban na masu takardar sallama ne, su ke zaɓe, su ke riƙe kati, su kaɗai ke zuba kuɗi a asusun bin takardu. Na biyun na abokan tafiya ne, kuma kowane ma'aikaci na iya shiga. Adashi tare, asusun rashin lafiya da na rasuwa tare, wanda ya zuba shi zai ci, walimar 15 ga Janairu ma tare. Suna da wakili da ke zama da shugabanni yana duba lissafi, don ba a karɓar kuɗin mutum a hana shi ganin inda ya shiga. Akawun nan shi ya fara rubuta sunansa, ya ce da ubansa na da rai haka zai yanke. Cikin abokan gadinmu uku, biyu sun shiga. Na ukun ya ce shi ba ya zaman ɗan bora a gidan kowa, ko a karɓe shi gaba ɗaya ko a bar shi. Haƙƙinsa ne. Muna gaisawa, muna karɓar aiki daga hannun juna ƙarfe shida, amma gaisuwar ta gajarce, kuma hakan ba ya yi mana daɗi.

Matar marigayi ko ƙuri'a ba a kaɗa a kanta ba. Samanja ya ce kujerar kofur ce, matarsa ta zauna. Tana zaɓe, kuma duk abin da ya shafi takardun matan da aka mutu aka bari a hannunta yake. In an rufe littafi da kanta take miƙewa, ta ce tukunya na jiranta, ba wanda ya taɓa ce mata ta tashi.

Yaron Maiduguri kuwa sai da ya ci mana zama uku, har murya ta tashi. Masu cewa a'a suka ce in aka karya ƙa'idar takarda sau ɗaya, gobe ɗan banga zai zo, jibi mafarauci, kowa da labarinsa, wa zai tantance? Masu cewa e suka ce takarda ai shaida ce ta abin da ya faru, shi kuwa abin a jikinsa yake rubuce. Suka ce a cikinmu akwai wanda ya yi shekara 35 tsakanin sito da ofishin albashi, harsashi bai taɓa wucewa ta kunnensa ba, yana da kati, wannan kuwa a ce ba shi da wurin zama? Mai siton ya ji haushi, ya ce shi ma inda aka tura shi ya je, kuma da bai ƙirga buhun shinkafa daidai ba da yunwa ta kashe su kafin abokan gaba. Gaskiyarsa ce shi ma. Ana cikin haka mai ɗingishin nan, wanda ba ya yawan magana, ya miƙe ya ƙame kamar a fareti.

"Samanja, ranka ya daɗe," ya ce, "in yaron nan bai cancanci zama ba, ni ma a cire ni. Irinsu ne ke shiga gabanmu, mu muna da sulke su ba su da shi."

Samanja ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Zauna, ɗana. An ji."

Abin da aka tsayar shi ne, kati babu, don kati cewa yake yi an yi soja, shi kuwa bai yi ba, kuma bai taɓa cewa ya yi ba. Sunansa na littafi na biyu. Amma zaman bayan taro yana ciki. Wata biyu yana zuwa bai ce uffan ba. A na uku ya yi magana, abin da ya faɗa kuma ya tsaya a can.

Akwai wanda har yanzu ba mu gama da shi ba, kuma nasa ya fi na farar hula wuya. Soja ne na gaske, ya yi shekara tara, kotun soja ta kore shi, takardar sallama babu. Wasunmu sun ce wanda ya bar 'yan'uwansa a fagen fama ba ya zama da mu ko a zaure. Wasu sun ce wanda bai taɓa tsayawa da bindiga harsashi ya ƙare masa ba, ya yi hattara da yanke hukunci. An ɗage maganar zuwa zama na gaba, karo na biyu ke nan.

Mun kai wa 'yar ofis amsarmu. Ta saurara, ta rubuta, ta ce za ta kai sama. Bayan mako biyu ta dawo da nasu: ɗakin taro za a ba mu don zaman da ya haɗa kowa, kuɗin Janairu ma haka, amma kamfani ba zai sa sunansa a ƙungiya mai littafi biyu ba. Muka ce mun gode, 'yarmu, Allah ya yi albarka, muka karɓi ɗakin. Zaman bayan taro yana nan inda yake tun farko, a bencin bayan gareji.

Muna zama Asabar ta farkon kowane wata bayan la'asar. Duk tsohon sojan da ke Sabo, ko matar marigayi, da takarda ta maƙale wa, ko da ba a kamfaninmu yake aiki ba, ya tare ɗayanmu a masallaci ko ya aiko yaro, ba ma karɓar ko sisi. A zo da takardar sallama ta asali da kwafinta, da takardar banki, a kuma duba tun daga gida ko sunan da ke jikinsu iri ɗaya ne.